Da Sauƙin da Ya Ci Gwiwata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Batsari, zuwa ga ɗana Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya sa kun sauka da sauran rana, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare ta, da kuma sharrin direban da yake ganin birki kayan ado ne. Amin.

Za ka yi mamakin wasiƙa a zamanin waya, kuma daga mutumin da ƙofar ɗakinsa take kallon taka. Mahaifiyarka na ba wa, na ce ta cusa ta ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli, domin nan ne na tabbata hannunka zai kai tun ba ku yi nisa ba. Da a cikin littafi na sa ta, sai dai jikokinka su tsince ta. Abin da ya sa na koma ga biro shi ne, ni da kai ba mu iya hira ba. In na kira ka, sai ka durƙusa ka kafe ƙasa da ido kamar wanda ya yar da allura. Ni kuma in na tuna sunan mahaifina ne a kanka, sai nauyi ya kama ni, in ɓige da tambayar ko an ba tumaki ruwa. Shekara goma sha tara muna hirar tumaki. Yau dai ka yi haƙuri, takarda ba ta jin kunyar kowa.

Maganar ƙafarka ta hagu ce. Kulob ɗin da ya kira ka gwaji ya ce kafin ka taɓa ƙwallo sai likitansu ya duba ka ranar Litinin. Ina so ka gama karanta wannan kafin ka shiga ɗakin likitan nan.

Mako uku ke nan idon sawunka yana ciwo, kana zaton ba wanda ya sani. Ni da nake salla a ƙarshen sahu da ƙafa ɗaya a miƙe, babu abin da na ƙware a kansa kamar kallon ƙafafun mutane, Allah Ya yafe mini. A zaman tahiya ba ka iya naɗe ta ka zauna a kanta, sai ka karkace kamar buhun da bai cika ba. Shekaranjiya mahaifiyarka ta ga kana sauka daga dakali a hankali, ta ce, "Abba, ƙafar nan fa?" Ka ce mata, "Da sauƙi, Inna." Ina ɗaki na ji ka. Sai da na ajiye littafin da ke hannuna, domin kalmar nan ce ta zaunar da ni inda nake zaune yau.

Ka san na yi ƙwallo, amma a bakin mutane ka ji, ba a nawa ba. Bari ka ji daga mai ita.

A Karare muka fara, a gonar gyaɗa bayan an cire amfani, da ƙwallon tsumma da muke ɗaurewa da igiyar rama. Ranar da mahauta suka yanka sa muka samu mafitsara muka hura, ranar salla ce a wurinmu. Gudu Allah Ya ba ni. A gasar makarantu a Katsina wani mutum daga kulob ɗin wata masana'anta a babban birni ya gan ni, ya ce in zo za su riƙa biyana albashi. A lokacin duk faɗin ƙasarmu ba a taɓa jin wanda aka biya don ya yi wasa ba. Na je na faɗa wa kakanka, mai sunanka, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya.

Ya ce, "Mi? Su biya ka don ka bi fatar akuya da gudu?"

Na ce, "E, Baba."

"To in ka cim mata, mi za ka yi da ita?"

"Sai in buga ta gaba."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ka sha wuya ka kama abu, ka kuma jefar da shi da kanka? Lalle masu kuɗi sun rasa abin yi. Tafi, Allah Shi tsare. In sun farga ka dawo, gona na nan."

Na tafi. Shekara uku na yi ina saka lamba bakwai, kuma in gaya maka gaskiya, duk shekarun da na yi bayansu ban ji na rayu kamar waɗannan ukun ba. Ba raina rayuwar da Allah Ya ba ni daga baya nake yi ba, a cikinta aka same ka. Amma akwai abin da ba ya fita daga jiki. Ranar da na fara taka filin ciyawa, sai da na cire takalmi na tsaya a kai da tafin ƙafa, abokan wasa suna ta dariyar baƙauye. Ihun 'yan kallo in ka yanke mutum ka wuce, kamar saukar ruwan farko a kan rufin kwano yake. Akwai kuma wata daƙiƙa guda, bayan ƙwallon ta bar ƙafarka, kafin ta taɓa raga, wadda duk filin kai kaɗai ka san ta shiga. Na karanta littattafai da yawa tun daga nan, ban ga wanda ya samo wa wannan daƙiƙar suna ba. Har yau in aka yanke ciyawar harabar makarantarmu da damina, ƙanshin ya bugi hancina, sai in ji yatsun ƙafata suna motsi a cikin takalmi ba da izinina ba.

Kuskurena na farko ƙarami ne, amma shi ya share wa sauran hanya. Na ɗauka jikina jakin gado ne, a ɗora masa kaya ya tafi. In koci ya ce a ɗumama jiki kafin atisaye, sai in laɓe ina ɗaure igiyar takalmi har a gama. Ina ce wa sauran, "Mu da muka yi huɗa da garma tun muna yara, ba mu buƙatar wannan rawar tsofaffi." Manyan 'yan wasa da suke miƙe ƙafa suna lanƙwasa ta a hankali, dariya nake musu. Su sun yi wasa har furfura, ni ga ni. Saboda haka duk abin da ka ga tsohon ɗan wasa yana yi wanda ya yi maka kama da ɓata lokaci, bi bayansa ka yi. Ba don sha'awa yake yi ba, wani ciwo ne ya koya masa, kai kuma an ba ka darasin kyauta.

A wurin atisaye abin ya faru, da safe bayan an kwana ana ruwa. Ba wanda ya taɓa ni. Na juya da gudu, haƙoran takalmi suka kafe a laka, jiki ya juya gwiwa ta ƙi. Na ji wani ɗan sauti kamar an karya ɗanyen karan dawa. Kafin azahar gwiwar ta zama kamar tulu.

Kulob ɗinmu yana da likita, mutumin Kudu ne, mai kirki, mai son aikinsa. Ya koyi Hausa a kasuwa, kuma yana alfahari da ita ƙwarai, ba ya yarda ya yi mana Turanci. Ya duba gwiwar ya sa ƙanƙara ya naɗe, ya ce in kwana uku ba ta sauka ba zai tura ni babban asibiti a ɗauki hoto. Kowace safiya sai ya zo da ɗan littafinsa.

"Lamba bakwai, yaya gwiwa?"

"Da sauƙi, likita."

Sai ya rubuta. Washegari haka. Rana ta uku ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Sauƙi babba, ko sauƙi ƙarami?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai."

A gabana ya ja layi a kan maganar hoton.

Ka ga inda gizo ya yi saƙa? Shi likita, sauƙin da ya sani na kasuwa ne. In mai tumatir ya ce yau kaya da sauƙi, to kuɗin ya sauka da gaske. Bai san cewa a wurinmu "da sauƙi" addu'a ce ba. Ba labarin jiki mutum yake bayarwa ba, fata yake yi, yana kuma gudun ya zama mai kai ƙarar Ubangiji wurin bayinSa. Gwaggona a Darini, Allah Ya jiƙanta, da hantsi muka je duba ta, ta ce mana da sauƙi, bayan la'asar muka dawo daga maƙabarta. Babu wanda ya ce ta yi ƙarya, domin duk wanda ya shiga ɗakin ya san abin da ake ciki. Mutumin Karare in ya zo dubiya ba kalmar yake saurare ba. Yana auna tsawon shirun da aka yi kafin a faɗe ta, yana kallon ido, yana satar kallon kwanon koko ko an taɓa. Likitan nan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kalmar kawai na ba shi, ya karɓa da zuciya ɗaya.

Na daɗe ina ba da labarin nan a haka, mutane suna dariya suna cewa Hausar likita ce ta cuce ni. Ya fi daɗin faɗa. Amma kai zan gaya maka ragowar. Na san bai gane ba. Na ga ya ja layin, kuma ina da Turancin da zan ce masa gwiwar nan in na taka sai in ji tana zamewa kamar ba tawa ba. Na yi shiru, saboda ƙarshen makon akwai babban wasa, an ce masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga wani kulob da ya fi namu, kuma akwai wanda yake zaune a benci yana hararar rigata tun bara. Al'ada ta miƙo mini bargo, ni kuma na shige ciki na rufa. Wannan shi ne babban kuskurena, kuma nawa ne ni kaɗai.

Ranar wasan na naɗe gwiwar da bandeji har sai da ƙafar ta yi sanyi. Minti ashirin na yi. An turo mini ƙwallo a gefen layi, na tsere wa mutumin da ke tsarona, na ji filin ya tashi da ihu. Na dasa ƙafar hagu zan bugo ta tsakiya, sai ƙasa ta zo ta same ni. Ban ma ji zafi da farko ba, mamaki na ji. Ina kwance ina kallon ƙwallon tana gangarawa a hankali ta fita waje, ba kowa a bayanta. Likita ya rugo ya durƙusa, ya kama ƙafar ya motsa ta, sai na ga fuskarsa ta canja. A ranar ya manta da Hausarsa. Da Turanci ya tambaye ni me ya sa na ce masa na warke.

Aka ɗauke ni aka fitar daga fili. Har yau ina jin nauyin mutumin nan, domin na sa shi ya zargi kansa a kan laifin da ba nasa ba.

Ka riƙe wannan, Abba. In maƙwabci ya gaishe ka da jiki, ka ce da sauƙi, ladabi ne kuma tawakkali ne, kada birni ya raba ka da shi. Amma likita ba gaisuwa yake yi ba, ko da da kalmomin gaisuwa ya tambaya. Wanda ya ɓoye wa mai magani ciwo bai yi haƙuri ba, wauta ya yi, ya kuma sa mata rawani.

Ko a nan da sauran dama, ni na ƙarasa ta da hannuna. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna jijiyar da take riƙe gwiwa ta tsinke. Likita ya ce akwai asibiti mai nisa da za a yi mini aiki, in yi watanni ina jinya, wataƙila in dawo fili. Labari ya kama hanyar gida. Daga birni ya tashi a matsayin "za a yi masa aiki a ƙafa", kafin ya iso Karare ya zama "za a yanke masa ƙafa". Kakanka ya aiko a ce mini in ina son albarkarsa in dawo da ƙafata biyu, ko a kan jaki ne. Ni ma dai tsoron wuƙar nake yi, saƙon ya zo mini daidai. Ban yi sallama da kowa ba, na hau motar kaya na gudo.

Aka ɗora ni a babur aka kai ni Tsaskiya wurin wani tsohon maɗori da sunansa ya kai ko'ina. Kowane rami na hanyar nan sai da gwiwata ta gaishe shi. Tsohon ya zaunar da ni a tabarma, ya shafa ƙafar tun daga cinya har ƙwauri, idonsa a rufe. Ya kama ƙwaurin ya ja gaba, ya ga ya taho kamar aljihun tebur. Ya saki.

Ya ce, "Yaro, ƙashinka lafiya lau. Ni ƙashi nika ɗorawa. Wagga igiya ce ta tsinke can ciki, kuma ni ba ni da allurar ɗinkin ta. Koma wurin masu wuƙa."

Kawuna da ya kawo ni ya ce, "Haba Baba, kai da ka ɗora ƙafar da mota ta taka? A taimaka dai."

Tsohon ya ce, "Wadda mota ta taka ƙashi ce. Kun ji abin da ni ce?"

Ni ma na sa baki, na roƙe shi har da hawaye. Can ya ce, "To, zan ɗaure don kada a ce kun zo kun koma haka nan. Amma ku shaida na faɗi." Ya jera kara ya ɗaure. Kwana arba'in ƙafar tana miƙe. Da aka kwance, kumburi ya tafi, gwiwar kuma ta manta yadda ake lanƙwashewa. Kulob ya jira ni iya jira, daga baya takardar sallama ta zo, da ɗan rubutun likitan nan a ƙasa yana yi mini fatan alheri da Hausarsa ta kasuwa.

Mutane biyu masu sani, ɗaya da farar riga ɗaya da buzu, ba su taɓa ganin juna ba, suka faɗa mini magana ɗaya, na ƙi ji. In ka ji gwani ya ce "wannan ba aikina ba ne", ka kama maganar da hannu biyu. Ba kowa ke iya faɗinta ba, kuma wanda ya faɗe ta ya fi wanda ya ce maka "kawo mu gwada" ƙaunarka.

Shekara guda na yi a kan tabarma a zauren kakanka. Bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya. Da ya ga zaman yana neman taɓa mini hankali, duk ranar kasuwar Batsari sai ya dawo mini da abin karantawa. Shi bai yi boko ba, saboda haka da nauyi yake zaɓe: tsofaffin jaridu, littafin koyon kiwon kaji, rabin ƙamus wanda ya tsaya a tsakiyar haruffa. Duka na cinye su. A cikin wani littafin kiwon lafiya na 'yan sakandare na ga zanen gwiwa, da jijiyar nan tawa an ja mata kibiya. Na daɗe ina kallonta. Abin da bai kai ɗan yatsa ba. Daga nan na koma makaranta, na zama malamin da kake gani. Mutane suna cewa Malam akwai karatu. Ba su san ba ƙwaƙwalwa ce ta kai ni ba, gwiwa ce.

Saura kuskure ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa, domin a kanka na yi shi.

Kana da shekara bakwai kawunka ya sayo maka ƙwallon roba ja. Na dawo daga makaranta na tarar kana buga ta a bangon tsakar gida, ƙafar dama, ƙafar hagu, ba ta taɓa ƙasa. Na tsaya a zaure ina kallo, na ga yadda kake karkata kafaɗa kafin ka juya. Ba wanda ya koya maka, kuma nawa ne sak. Tsoro ya kama ni. Na karɓe ƙwallon na huda ta da ƙusa a gabanka, na ce kada in ƙara gani. Ba ka yi kuka ba. Ka dube ni, ka dubi ƙwallon, ka shige ɗaki. Mahaifiyarka ta ce, "Malam, ƙwallon ka huda, ba ƙafar ba." Na ce ta yi mini shiru.

Ita ce da gaskiya. Ba ka bar wasa ba, ni ka bari. Ka koyi ɓoye takalmi a bayan rumbu, ka koyi wanke ƙafa a famfon masallaci kafin ka shigo gida, ka koyi shanye ciwo don kada a tambaye ka inda ka samo shi. Na so in raba ka da ƙwallo, sai na koya maka ɓoyo, wato ainihin abin da ya kashe tawa ƙwallon. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba su faɗi abin da ke faruwa ba in barewar gurguwa ce mai baƙin rai. Ka yafe mini. Uba ba ya cika faɗin haka, shi ya sa na rubuta, don in ka so ka karanta sau biyu.

Akwai abin da ba ka sani ba. Shekara huɗu ke nan babur ɗina yana lalacewa kullum bayan la'asar, kuma kullum a bayan katangar firamare, daidai inda bulo biyu suka faɗi ana hango fili. Mai facin da ke wurin ya gaji da ni. Ran nan ya ce, "Malam, babur ɗin nan naka akwai tarbiyya. Ba ya mutuwa sai an busa usur, ba ya tashi sai an tashi wasa."

Na ce, "Fulogi ne."

Ya ce, "Fulogin nan mai lamba bakwai? Ai ya iya yanka. Ga benci, zauna, kafin ƙafar ta gaji."

A kan bencin nan nake ranar da ka yi tsalle ka sa kai, ka sauko a bakin ramin da kofaton shanu ya bari tun damina. Na ga yadda ƙafar ta lanƙwashe ciki. Na miƙe zan rugo, gwiwata ta tuna mini ko ni wane ne. Kafin in dafa katanga har ka tashi, kana ɗaga wa abokanka hannu wai ba komai, ka ƙarasa wasan kana taka gefen ƙafa. Na so in yi maka magana a daren, da washegari, da kowace rana tun daga nan. Amma ta ina zan fara, ni da ban taɓa yarda na san kana wasa ba?

To ga abin da nake so da kai. Ranar Litinin in likita ya tambaye ka, da kowane harshe ya yi tambayar, ka ce masa: mako uku da suka wuce na sauko a kan rami, ƙafar ta lanƙwashe ciki, ta kumbura kwana biyar, har yanzu ba na iya zama a kanta, in na juya da gudu tana sara. Ka nuna masa wurin da yatsa. In bai tambaya ba, kai ka fara. In ya ce hoto, a yi hoto. In ya ce hutu, ka huta, ko da kana ganin wani yana saka rigar da ka zo nema.

Ba zan yaudare ka ba, mai yiwuwa su ce ka koma gida sai wani jiƙon. Na san abin da kake tsoro ke nan: a yi maka rakiya har tasha da addu'o'i, bayan kwana huɗu a gan ka ka sauko da jakarka, 'yan majalisar bakin kasuwa su samu abin taunawa. Za su tauna, mako guda, sannan su koma kan wani. Ni na guje wa surutun mako guda, na sayi ɗingishin shekara talatin. Mai yiwuwa kuma targaɗe ne da hutun wata ɗaya zai gyara, in ba a taka shi da ƙarfi an mai da shi wani abu ba. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Mutumin da zai sani yana jiran ka ba shi gaskiya.

In sun sallamo ka, kira ni, ba mahaifiyarka ba. Ni zan zo tasha in ɗauki jakar da hannuna, mu bi ta tsakiyar kasuwa, kowa ya gani. Washegari mu tafi asibiti Katsina tare, gurgu da ɗan gurgu, a duba ta yadda ya kamata.

In kuwa Allah Ya sa ƙafar ta warke suka ɗauke ka, ko bana ko baɗi, ina da roƙo guda. Ka gaya mini ranar wasanka na farko tun da wuri. Na gaji da leƙe. Ina so in sayi tikiti da kuɗina, in shiga ta ƙofa, in zauna a kujera in miƙe ƙafar nan duk wanda zai yi tuntuɓe ya yi. In ka karɓi ƙwallo a gefen layi, zan yi ihun da ɗalibaina ba za su yarda ni ne ba, kuma duk wanda ke kusa da ni sai ya ji ɗan wane ne.

Allah Ya tsare ka a inda ba na gani. Ya tsare maka sallarka da ƙafarka da harshenka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya a ɗakin da ba kowa sai kai da mai tambaya. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, a ranar da Ya ga ta fi alheri. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ni ma na sa.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka.